Sawun Zabuwar Innata

Ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni nawa baki, kuma na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

A Mainika aka haife ni, gidan masu daddawa. Innata, Allah ya jiƙan ta, tana da wani ɗan guntun ice, bai fi babban yatsa ba, mahaifina ya sassaƙa mata sawun zabuwa a bakinsa. In an dafa kalwa, an surfe, an rufe ta kwana uku ta yi, an daka, sai Inna ta mulmula, ta lallatsa a tafin hannu, ta danna icen a tsakiyar kowace ɗaya kafin a shanya. Yatsu uku gaba, ɗaya baya. A kasuwar Gwarzo ba a tambayar sunanmu. Mai sawun zabuwa, shi ke nan.

Ranar da aka raba kayan Inna, 'yan'uwana suka ɗauki zannuwa da tasoshi. Ni icen na ce a ba ni. Da shi na yi ta sana'a a Kabo, gidan aurena, har kaina ya yi fari.

Akwai wata malamar firamare, 'yar Kudancin Kaduna, mai saye a wurina duk sati. Wata rana tana jujjuya daddawar a hannunta ta ce, "Inna, ki yi wa sawun nan rajista."

Na ce, "Zabuwar za a sa a makaranta?"

Ta yi dariya, ta ce akwai ofis a Abuja. A kai hoton tambari, su rubuta cewa naka ne, su ba ka takarda, daga nan ba mai ikon sa shi a kayansa.

Na ce, "Malama, daga nan har Masanawa wa bai san nawa ba ne? Mai unguwa shaida, liman shaida."

"Inna, a can takarda ake tambaya."

"Takarda ta fi liman?"

"A can dai ta fi shi."

Na ce ta tuba. Ta ce sai ranar Lahadi in ta je coci, ta ɗauki daddawarta ta tafi.

Ana nan, ana nan, sai ga wani Alhaji daga birni, mai sarin daddawa. Mutum mai fara'a, Hajiya yake ce mini ni da ban taɓa ganin jirgi a kusa ba. Zuwansa na uku aka kai masa tuwo da miyar kuka a zaure, ya cinye, ya wanke hannu, ya ce, "Hajiya, a nuna mini abin da ke yin wannan sawu mana, in sa albarka." To mu a wurinmu, baƙon da ya ci tuwonka ba ka ɓoye masa abin da ya roƙi gani. Na kwance bakin zani na miƙa masa. Ya ɗauke shi hoto da waya, ya shafa masa baƙin tukunya, ya danna a farar takarda. Ni na riƙe masa takardar da hannuna kada iska ta ɗauke. Daɗi ma nake ji, wai za a ga aikin mahaifina a birni.

Daga ranar bai sake zuwa ba.

Bayan damina biyu jikata ta gama karatu, ta ce mu riƙa ƙulla daddawar a leda, da sawun a jiki, a kai shagunan Gwarzo. Ba a daɗe ba wani mai shago ya dawo mana da kayanmu, da takardar lauya a sama. A tsakar gida jikata ta karanta mini. Wai sawun zabuwa tambarin kamfanin Alhaji ne, ya yi masa rajista, mu daina sa shi.

Muka je birni wurin wani lauyan. Na ajiye masa icen a kan tebur. Ya ce, "Inna, kina da magana, tun da kin riga shi. Amma ice ba zai faɗa wa alƙali shekarunsa ba. Akwai tsohon hoto? Wata takarda?" Babu. Shaidun da nake taƙama da su kuwa, mai unguwa da liman, duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce ana iya neman wasu, sai dai shari'ar za ta ja shekaru. Na dubi gwiwoyina, na dubi yarinyar da ko aure ba ta yi ba, na ce mu koma gida.

Ban yi kuka a birni ba. A kasuwar Gwarzo na yi, ranar da wata tsohuwar mai saye ta tare ni ta ce, "Yaya, me ya sami hannunki? Daddawarki ta lalace." Ta fito da ledar Alhaji. Ga sawun nan, yatsu uku gaba, ɗaya baya. Na gutsura na sa a baki. Waken suya ne da gishiri, ko ƙamshin kalwa babu. Da sawun Innata ake sayar da wannan, kuma ni ake wa kallon na yi.

Jikata ta zana sabon tambari, ta nemi takardarsa tun kafin ta buga leda ko ɗaya. Kyakkyawa ne. Amma har yau in na lallatsa daddawa, hannuna kan tafi bakin zani da kansa, sai ya isa in tuna, in shanya ta haka, fuskarta fayau. Guda ɗaya nake danna wa icen a kowace dahuwa, ta miyar gida. Ita ba ta fita ƙofa.