Gidan Gwaggo a Kan Fata

Sana'ata zane, kuma a Wurno ba sana'ar da ake faɗa da ƙarfi ba ce. In an tambayi mahaifina abin da nake yi, cewa yake yi ina aikin littafi. Da bayan motocin albasa na fara a kasuwar Goronyo, ina zana musu zaki da dabino. Daga baya na samu masu buga littattafan firamare, sai kuma masu fastar asibiti, waɗanda kullum ƙorafinsu ɗaya ne, wai sauron bai yi girma ba. Ran da na zana musu sauro ya kusa kai ɗan akuya, ran nan suka ce yauwa. Yanzu duk ta waya nake tura aiki. Zanena ya je ƙasashen da ban san hanyarsu ba, ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya tambaye shi takarda. Guda ɗaya ne na so in kai da hannuna, shi ne kuwa ya sha mini kai.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta raine ni a wani ƙauye gabas da Goronyo. Da 'yan bindiga suka matsa, garin ya watse, ta bi 'yarta suka tsallaka Nijar, wajajen Maraɗi. Idonta dama ya daɗe yana tafiya, a can ya ƙarasa. Wata rana muna waya ta ce, "Kai da kaka zanen sabro, ba ka iya zana min gidana?"

Na ce, "Gwaggo, da wane ido za ki gani?"

Ta ce, "Hannuna bai makance ba."

Maganar ta zauna mini. Na je Rabah wurin wani tsohon baduku, na sayi jar fatar akuya, ya nuna mini yadda ake jiƙa ta a danna ta baya da ƙashi mai santsi har layin ya taso. Da haka na gina mata gidan: zaure, rumbunanta, darni, da magaryar bakin rijiya. Sai in rufe ido in bi da yatsa, inda na ɓata in gyara. Na sa launi da karan dafi da kuloko saboda masu ido. Rani guda na yi a kanta, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

A boda, direba ya ce in an tambaye ni in ce abin shimfiɗa ne. Ban ma samu damar faɗa ba, mai binciken kaya ya warware ta da kansa. Ya ga launin rini irin na da, ya ce wannan ai kayan tarihi ne. Na ce ni na yi ta, bana-banan nan. Ya ce ina shaida? Na yagi gefen kwali na zana fuskarsa nan take, har da tabon gira. Abokan aikinsa suka yi ta dariya suna miƙa wa juna, shi kuma ya sa kwalin a aljihu. Sannan ya ce zane ba ya fita ƙasa sai da takardar da ta ce ba tsohon abu ba ne, kuma tunda fata ce, sai da ta likitan dabbobi. Suka riƙe ta.

Daga nan aka shiga je-ka-ka-dawo. Ofishin da ke birni suka ce in kawo fatar su duba kafin su ba da takarda. Boda suka ce ba sa sakin fatar sai sun ga takarda. Na yi ta safa tsakaninsu har direbobin tasha suka fara ce mini ɗan gida. Da ƙyar aka yarda da hoton fatar, sai aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Likitan dabbobi kuwa ya dubi hoton ya ce, "To, ina akuyar?" Na ce an ci namanta tuntuni. Bai yi dariya ba, ya ce shi ba ya sa hannu a kan abin da bai duba lafiyarsa ba. Wallahi ran nan sai da na fita waje na zauna, don kada bakina ya ja mini.

Daga baya dai na samu wani likitan ya sa hannu. Takardun suna haɗuwa aka rufe boda. Da aka buɗe, aka ce wa'adin takardar farko ya wuce, a sake daga tushe. Matata ta ce in yi wata fatar kawai in ba 'yan babur su bi da ita ta daji. Gaskiyarta ce. Amma wanda ake ce masa gobe ba ya fara sabon aiki, ga masu littafi suna jiran nasu, kuma da nasu ake cefane. Gwaggo kuwa in mun yi waya sai ta tsokane ni, "Magini, ba a gama aza rufi ba?" In yi dariya a baki, zuciyata na ƙuna.

Sai bayan damina aka saki fatar. Mai kula da sito ya jawo ta daga ƙarƙashin buhunan shinkafar da aka kama, a kusurwar da rufi ke yoyo. Launin yana nan, mai ido zai ga gida sarai. Amma laima ta shige ta, nauyi ya danne ta wata da watanni. Na shafa, na ji ta sumul kamar faranti. Duk da haka na naɗe ta na wuce, don ban san me zan ce wa Gwaggo a waya ba.

Na same ta a wani ɗaki da aka ara musu. Ta sa aka kawo ruwa ta wanke hannu, ta goge da zanenta, na ɗora mata fatar a cinya. Mutanen ƙauyenmu da ke wurin suka taru a kai. Wannan ya ce ga magarya, waccan ta ce ga rumbun Inna, wata ta fara kuka. Ita kuma yatsunta suna ta yawo daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ce, "Ina zauren? Aza min hannu bisai."

Na kama yatsanta na ɗora a kan zauren. Ta shafa, ta sake shafawa. Na ce mata ruwa ne ya ɓata, zan yi wata, wannan karon ta daji za ta zo.

Ta ce, "Bari wahal da kanka, ɗana. Waɗanda sunka koma dubawa sun ce garin ma haka yake yanzu, ba inda hannu ka karo da komi."

Ta miƙo mini fatar, ta ce a ba masu ido su aje.