Akushin da Na Riƙa Mayarwa Cike

A zamanin da Faransawa ke mulkin ƙasar nan, ni saurayi ne da bai daɗe da gama makarantar horon malamai ba, aka turo ni Diffa in koyar a lakwal, wato makarantar boko. Mutum ne ni mai yawan damuwa, komai ƙanƙantarsa sai na juya shi a rai har ya zama babba. Ina jin wannan halin ya taimaka wajen abin da zan faɗa, ko da yake ba na son in ɗora wa hali laifin da nawa ne.

Wani dattijo Babarbare, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, shi ya ba ni ɗaki a gidansa. Ina kiransa Baba, matarsa kuma Ya, yadda ake kiran uwa a can. Ɗansu namiji ya rasu kafin zuwana, sai Ya ta ɗauke ni madadinsa, ba ta kirana da komai sai ɗana. Burabusko da man shanu, miyar bandar kifi, fura da nono da rana, kullum akushina cike. Kafin shekara ta zagayo teɓa ta fito, wandunan da na zo da su suka ƙi shiga. Mutanen gari murna suke yi, suna cewa Mushe, yadda suke kiran malamin lakwal da Faransanci, ya sha ruwan Komadugu ya karɓe shi, Ya kuma tana nuna ni ga maƙwabta da alfahari. Sai sufeton makarantu, wani Bature, ya zo duba aji, ya kalli cikina ya yi dariya, ya ce da alama malaman nan ba sa wahala. Watakila wasa yake. Ni dai maganar ta hana ni sakat.

A kwanakin ne wani ɗan kasuwa mai tsallakawa hayin Najeriya ya naɗo mini sabulu cikin shafukan wata mujalla ta Ingilishi, da zanen mutum mai tumbi da yadda zai rage shi. Faransanci na sani, Ingilishina kuwa na kame-kame ne. Na sha wuya da ƙaramin ƙamusuna a kan kalmomi irin su metabolizim da adipoziti da kalisteniks, wasu ma ƙamusun bai san da su ba. Abin da na tsinta dai shi ne a rage tuwo da mai, a motsa jiki. Na fara gudu a bakin kogi da sassafe cikin gajeren wando. Masunta suna ɗaga murya suna tambaya wai Mushe kura ce ta biyo ni ko kumandan, Baturen mulki, mata masu ɗibar ruwa suna rufe baki. Wata rana Baba ya leƙo ya tarar da ni kwance ina ɗaga ƙafafu sama, ya hau tofa mini addu'a, ya zaci farfaɗiya ce.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ɓata shi ne abinci. Na riƙa taɓa gefen akushi in mayar da shi kusan cike. A wannan yankin, baƙon da ya dinga mayar da abincin gida haka, ana ɗauka yana zargin an sa masa wani abu ne. Ba zan ce ban san da haka ba, na dai riƙa gaya wa kaina cewa za su gane. Baba ya zaunar da ni ya tambaye ni ko wani ya kawo mini magana a kan gidansa. Kunya ta hana ni in ce tumbi nake son ragewa, don na san duk garin zai yi mini dariya. Sai na ce masa sha'anin metabolizim ne, da adipoziti, ba zai gane ba. Ya tambaya ko sunan bokan da ya hana ni cin abincinsu ke nan. Na yi murmushi kawai, na ce ba haka ba ne.

Rannan da azahar Ya da kanta ta kawo akushin. Ta zauna a bakin ƙofata, ta wanke hannu, ta ci daga wannan gefe ta ci daga wancan, ta kurɓi furar, sannan ta turo mini. Ta ce ɗana in ci yanzu, in da wani abu a ciki ita zai fara kashewa. Na yi loma kaɗan na ce na ƙoshi. Har yau ban san abin da ya riƙe mini harshe ba, kuma duk sa'ad da na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Ta ɗauki akushinta ta tashi. Abinci bai daina zuwa ba, amma daga ranar Mushe take ce mini, kamar kowa.

Tumbin ya sauka kaɗan. Sufeton bai sake zuwa ba balle ya gani. Aka mayar da ni Maine-Soroa, na yi ta niyyar in dawo in yi wa Ya bayani, ina ɗagawa, har labarin rasuwarta ya iske ni. Da na je gaisuwa na gaya wa Baba gaskiya da Hausa mai sauƙi, magana ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya kalle ni, ya tambaye ni wai duk saboda ciki ne. Ya ce matarsa ta canza tukwane, ta canza akushi, ta bi maƙwabta tana tambayar wanda ya ɓata ta a wurin ɗanta.

Ba na cewa rage ƙiba laifi ne, mai yiwuwa ma mujallar nan gaskiya ta faɗa. Laifina shi ne na ɓuya a bayan kalmomin da ni kaina ban gama ganewa ba, don kada a yi mini dariyar kwana biyu. Ku masu karatu, in za ku rage abinci ku rage, amma ku gaya wa mai dafa muku dalili da harshen da take ji, tun tana raye. Tumbin ya dawo tuntuni, ya ma fi na da. Kalmomin nan har yanzu suna bakina, amma ba wanda ya sake ce mini ɗana.