Asabar ɗin Sharar Gottlob

Gottlob Schäufele mai gyaran takalma ne a ɗakin ƙasa na gidan hayarmu a Stuttgart. Sarakunan ƙasarmu Württemberg uku ya gani a rayuwarsa, ba wanda ya taɓa kawo masa gyara. Hannunsa a fata sai san barka, amma shi da tsintsiya ba sa ga maciji.

A gidanmu, kamar ko'ina a garin, shara zagayawa take. Akwai ɗan katako da ake ratayawa a ƙofar wanda makonsa ya zo. Ran Asabar sai ya wanke matakala, ya share bakin titi. Gottlob ya sha tsallake nasa, har mai gidan, gwauruwa Pfleiderer, ta rantse in ya ƙara ko sau ɗaya, ya kwashe gudumarsa ya bar mata ɗaki. Tsoho, ga sanyi ya kunno, ina zai nufa?

Asabar ɗin da yaƙin duniya ya zo ƙarshe katakon yana ƙofarsa. Gari ya ruɗe, ma'aikata suka kafa jar tuta a gidan sarki. Gottlob ma ya bi ayarin masu zanga-zanga. Da la'asar ya dawo da jan ƙyalle a ƙirji.

"Maƙwabciya, an gama!" in ji shi. "Ba sarki, ba doka, ba shara!"

Na ce, "Kai tsohon banza, sarki ne ke duba maka matakala? Waccan mai gidan da ke leƙe ta taga ba wanda ya tuɓe ta daga mulki."

Ya ɗaga kai. Labule ya motsa.

"To ara mini bokitinki, uwar surutu."

Ya durƙusa da ƙyallensa a ƙirji, ya wanke tun daga sama har ƙasa. Titi kuwa, yana sharewa masu zanga-zanga na watsa takardu, yana zaginsu, su da ɗazu yake kira 'yan uwa.

Gwauruwa ta sauko, ta goga yatsa a lungun matakala, ta duba. Ta cire katakon, ta rataya a ƙofata.

A ɗakin nan ya ƙare kwanansa, da giyar tuffansa a gefe. Duk wanda ya tambaye shi yadda sarauta ta faɗi, sai ya ce shi bai ga ƙarshen ba, makonsa ne.