Rumbun Tururuwa

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa Gure, mu uku muka rage a gida: ni, da ƴata ta fari wadda ba a daɗe da yaye ta ba, da uwar mijina da nake kira Iya. Maigidan ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya yi kudu neman abin da za mu ci. Ya bar gora ɗaya ta irin gero a rataye a ɗaki, ya ce ko me za a yi kada a taɓa ta, don in damina ta faɗi babu iri, mu da gona sai kallo.

Gujiya ta ƙare, ƴaƴan guna da muke soyawa suka bi ta. Muka koma fasa ƙwallon aduwa, sannan anza, ƴar itacen daji wadda sai an jiƙa ta an yi ta sake ruwa kafin ɗacinta ya ragu. Mu manya muna runtse ido mu haɗiye. Yarinyar kuwa da an ba ta sai ta dawo da ita. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, har kukan ma ta daina.

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Wata safiya na taka turmi, na sauko da gorar nan, na zazzage irin a ciki. Na ɗaga taɓarya ke nan Iya ta riƙe ta ta baya.

"Ke ƴar nan, kanki ɗaya kuwa?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce, "Iya, sakar mini! Wa zai ci geron baɗi in yarinya ta mutu bana?" A gabanta na faɗi haka, ni da ko kallon ƴar fari ba na yi in tana wurin, don kunya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ba ni zuwa la'asar. In mun dawo hannu wofi, ni da kaina zan daka miki." Ta goya jikarta, ta ba ni hauya da ƙwarya da faifai, muka bi hanyar Kelle.

Muka yi ta hawa tuddan rairayi, ina tafe ina gunaguni. Ko tsinken ciyawa babu, dabbobi sun lashe ƙasa tas. Ita kuwa kanta a sunkuye kamar wadda allura ta ɓace wa. Can ta tsaya ta nuna mini wani siririn layi na tururuwa. Muka bi su har wani fili da suka share, ƙaiƙayi zube kewaye da bakin raminsu.

Ta yi bisimilla, ta ce, "Masu gida, ku yi haƙuri, yunwa ce ta kawo mu." Na kusa yin dariya don haushi. Wai tsohuwa da sallama ga ƙwari!

Na yi ta haƙa, suna cizona a ƙafa da hannu, ina tsine musu. Da rami ya kai mini gwiwa sai Iya ta karɓi aikin da hannunta, tana share ƙasa a hankali. Wani ɗan ɗaki ya buɗe, faɗinsa kamar tafin hannu, bangonsa sumul kamar an yi masa yaɓe, cike da tsaba.

Na durƙusa na ɗiba. Ƙwayar ƙarangiya ce. Duk wanda ya taɓa sussukar ƙarangiya ya san azabarta, ka yini ƙaya na cin hannunka ka tashi da abin da bai cika ludayi ba. Ga ta nan an ɓare ta ɗaya bayan ɗaya, babu ƙaya ko guda, a bushe, ba ruma ba wari. Gefensa wani ɗaki na ƴaƴan ciyawar gude-gude, ƙasa da shi wani na wata jar tsaba da ban san sunanta ba. Tsikar jikina ta tashi. Ashe duk watannin nan da muke taka tudun nan muna cewa ƙasa ta mutu, akwai gari a ƙarƙashin ƙafarmu da rumbunansa a cike. Wa ya gaya musu fari na zuwa? Mu da malamai da dattawa ba mu sani ba. Bakina ya kasa cewa komai sai "Allahu akbar", na yi ta maimaitawa ina hawaye.

Ƙwarya ta kusa rabi sai muka tarar da wani ɗaki can ƙasa, ya fi sauran girma. Na kai hannu da rawar jiki, Iya ta buge shi.

"Wannan ba a taɓa shi. In kin kwashe sun mutu, wa zai tara wa na baya?"

Na ce, "Iya, ƙwari ne fa!"

Ta ce, "Ƙwarin ne suka ciyar da ni ina goye, a wata yunwar da ta fi wannan." Ta ɗora ɓawon itace a kan ɗakin, muka mai da ƙasa.

A gida ta sheƙe tsabar, ta soya sama-sama, ƙamshi ya cika tsakar gida kamar na riɗi. Turmi kuwa irin gero na ciki, sai da na kwashe shi na mai da cikin gora, ina tsince na ƙasa da farce, sannan aka samu wurin daka. Na toshe bakin gorar na rataye ta inda take.

Iya ta dama kunu, ta zuba a ƙoƙo, ta hura. Ni na kasa tsayawa kusa, na koma bakin ƙofa ina leƙe, ina jiran a dawo da shi kamar kullum. Yarinyar ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Ta riƙe ƙoƙon da hannu biyu har ta shanye. Sannan ta miƙa wa kakarta, da wata ƴar murya da na yi kwanaki ban ji ba, ta ce, "Ƙara."

Iya ta juyo ta dube ni. Na duba tukunya, akwai saura.