Naman godiya da gayyar lissafi

Waɗanda ke tsakar gida ran Asabar ɗin nan su ne: ni, da ɗana soja wanda ya dawo daga gabas da ƙafa a ɗaure, da matarsa, da ƙanen marigayi mijina, shi ma tsohon soja, yana zaune kan turmi kamar kullum yana jiran a ba shi abin da bai yi wa aiki ba. Sai ƙawata ta zumuntar mata da ta zo daga Kanya don ta taya mu girki. Jikana, babban ɗan sojan nan, yana cikin ɗaki. Tun da jami'arsu ta ba su hutu yake cikin ɗaki.

Washegari Lahadi za mu kai godiya coci, don Allah ya maido mini ɗana da ransa. Bayan sujada jama'a su biyo mu gida. A wurinmu ba a godiya da baki kawai: wanda ya taya ka rawa zuwa gaban bagadi dole ya koma gida da maiƙo a hannu. Taure biyu na kiwata don wannan rana. An yanka su tun sa'ad da aka ce sojan na hanya, sai likitoci suka ƙara riƙe shi. Na sa aka gyara naman aka zuba a firiza, na garƙame da kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena. Na san mutanen gidana.

Firizar da sola take aiki, kuma bango ɗaya ya raba ta da ɗakin jikana. Duk wucewar da zan yi sai na kasa kunne. In na ji gurnani in ce lafiya lau, in wuce.

Da na ɗaga murfin, abin da ya bugi fuskata ban taɓa shaƙar irinsa ba, ni da na wanke gawa ba ɗaya ba. Naman ya kumbura ya yi kore, yana iyo cikin wani jan ruwa mai kumfa. Ƙawata ta toshe hanci da gyale ta ruga bayan ɗaki tana kakari. Ƙudaje kamar an aika musu. Na duƙa na leƙa bayan firizar, ga wayarta yashe a ƙasa, ga wata baƙar waya an cusa a gurbinta, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta shige ɗakin yaron. Gurnanin kuma bai tsaya ba. Ashe duk kwanakin nan kwamfutarsa nake saurare.

Da ina ce masa maigidana, irin wasan kaka da jika. Ran nan cewa na yi, "Kai, fito."

Ya fito yana murza ido. Warin ya tare shi a bakin ƙofa, ya tsaya.

"Kaka, wallahi da rana kawai nake cirewa. Hadari ya hana batir cika, ba ya ɗaukar su biyu. Na ce firiza tana riƙe sanyi. Daga baya ne na manta ban mayar ba."

"Me kake dafawa a ciki da ya fi nama?"

Sai ya shiga bayani, kuma don na fahimce shi ne abin ya ƙara ci mini rai. Wai akwai wata lamba mai tsawon gaske, in an rubuta ta ba ta ƙarewa a layi ɗaya. An san lambobi biyu aka ninka da juna suka haife ta, amma ba wanda ya san ko waɗanne ne. Hanyar gano su ita suke kira rariya, don tankaɗe lambobi ake yi ba iyaka har a tara masu amfani. Kafin a soma tankaɗen sai an zaɓi wani jerin lissafi, folinomiyal in ji shi. In an dace da mai kyau aikin ya yi sauri, in ba a dace ba a yi watanni ana wahalar banza. Shi ne mutane a ƙasashe dabam-dabam suka raba neman ta intanet, kowa ya ɗauki yankinsa, in ya samo mai maki mai yawa ya kawo a gwada da na saura.

"Kamar zaɓen iri ne, Kaka, kafin shuka. Kuma kamar gayya. Na riga na faɗa a gabansu cewa yanki kaza nawa ne. In na tsaya, kunyata ce kaɗai za ta rage."

Gayya! Ni zai koya wa gayya. Kakansa shekaru ya yi yana golmo, noman neman aure, a gonar babana shi da abokansa kafin a ba shi ni, kuma ko sau ɗaya ba su bar gonar da yunwa ba.

Na ce, "Mai gonar wane ne?"

"Ba ta da mai ita."

"In an raba lambar, wa zai ci?"

"Ba ci ake yi ba. Za a sani ne kawai."

"Waɗanda kake jin kunyar, ka taɓa ganin fuskar ɗaya?"

Ya ce a'a, ko sunansu na gaskiya bai sani ba.

Ƙanen mijina ya kwashe da dariya har yana buga sanda. "Matar yaya, tambaye shi ko nashi irin anka zaɓa! Mu dai mun san taurayenmu sun mutu a fagen daga."

Yaron ya sunkuyar da kai. Wai na wani ya ɗara nasa da ɗan kaɗan, da shi za a yi aiki. Amma an rubuta masa an gode.

"An gode!" in ji tsohon. "To, gobe a zuba wa fasto an gode a kwano."

Uban ya yunƙura da sandar asibiti zai shiga ya farfasa kwamfutar. Na ce, "Zauna. Ƙafa ɗaya ta rage maka, kada ka ƙarar da ita a kan ƙarfe." Ya zauna yana huci. Abin da na lura da shi, ba wanda ya lura: duk surutun nan, idon yaron na komawa ƙofar ɗakinsa. Abin yana ta gurnani, bai kashe ba. Muna tsaye cikin ɗoyi, shi hankalinsa na wurin mutanen da ba su da fuska.

Surukata ta matso ta rage murya. "Mama, kasuwa ba ta tashi ba. In hau mashin in samo kaji, ba wanda zai sani."

Uwa ce, ɗanta take rufa wa asiri. Na ce ba kazar da za ta shigo gidan nan. Na sa yaron ya haƙa rami a bayan garka, ya kwashe naman da hannunsa, ba safar roba, ya wanke firizar da toka. Sau biyu yana amai. Ban tausaya ba, ban kuma ji daɗi ba.

Washegari da asuba na hura wuta na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da daddawa, ko ƙashi babu. Na ɗauko farar rigar kakansa na ba shi ya sa, na jera masa kwanoni a faranti. Na ce in an taso coci shi zai kai wa kowa nasa, daga fasto har matan zumunta, kuma duk wanda ya juya miya ya ɗago kai, ya tsaya ya yi masa bayanin lambar tun daga farko, yadda ya yi mini. Sannan na ɗaura ɗankwalina na tafi sujada.