Silinda Mai Sheƙi

Mai Farce ake kiransa a layin masu gyara. Shekara ashirin da shida yana gyaran ƙananan injuna a rumfar kwano ɗaya, kuma bai taɓa yanke farcen ƙaramin yatsansa na dama ba. Da shi yake shafa cikin silinda, ramin da fistin ke kai da komowa a ciki, ya gane ciwon inji.

Ranar wata Talata da hantsi ƙanin matarsa, mai lambu, ya dire masa injin ban ruwa yana haki. Kwana uku tumatirinsa bai ga ruwa ba, ga shi ya fara fure.

"Yaya, da hannuna na sa wa fistin sabon ringi, amma sai hayaƙi, ba ƙarfi! Har silindar na goge, dubi yadda take sheƙi."

Mai Farce ya kwance injin, ya zura farce a silindar, bai ji kaushi ko kaɗan ba. Ya kwashe da dariya.

"Kai, sarkin tsabta! Madubi ka yi wa yayarka? A ina mai zai tsaya?"

Ya ɗaura wa injin huda wani ƙarfe mai ƙafa uku, kowace da siririn dutse. Ya shafa mai, ya zura shi cikin silindar, ya kunna a hankali, yana yin sama da ƙasa ba tsayawa. Mai lambu ya dafe kai.

"Wayyo! Ka kashe ni, ka ɓata min inji!"

"Matsa ka ba ni haske."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya zare. Sheƙin ya tafi, sai siraran layuka a gicciye kamar saƙar raga. A cikinsu mai zai kwanta, in ji shi, su kuma za su ci bakin ringin har ya zauna daram. Ya sa mai lambu ya wanke silindar da ruwan zafi da sabulu. Sau huɗu yana mayar da shi, sai da farin ƙyallen da ya zura ya fito ba ɗigon baƙi.

Bayan azahar aka ɗaure komai, aka jefa tiyo a duron ruwa. Mai walda da mai faci suka bar aikinsu suka zo kallo. Jan igiya na farko, shiru. Na biyu, injin ya yi tari. A na uku ya ɗauka da ƙara, ruwa ya yi tsiri ya jiƙa mai faci sharkaf. Hayaƙin ya sirance, ya ɓace.

Mai lambu ya daka tsalle, ya rungume shi.

"Yaya, kwandon farko naka ne!"

"Haka ka ce bara. Ɗauki ka yi gudu, kuma kada ka matsa masa yau."

Kafin ya rufe baki, babur ɗin mai lambu ya sha kwana da injin a baya. Mai Farce ya goge farcensa a gefen riga, ya jawo janareton da ke jiransa tun safe.