Ɗakin Darasin Addini

Ban yi karatu mai nisa ba. Firamare na gama, na yi ɗan kwas, mishan ta ɗauke ni koyarwa a wata makaranta kusa da Hayin Banki. Ban daɗe ba gwamnati ta karɓe makarantun mishan, ajina ya cika da yaran unguwa, yawancinsu Musulmi, 'ya'yan ma'aikatan gwamnati da masu ƙananan shaguna.

Da an kaɗa ƙararrawar darasin addini sai aji ya rabu. Yaran Musulmi su fita gindin mangwaro wurin malamin Arabiyya, wani dattijo Bazazzage mai yawan raha. Ni kuma in zauna a ciki da 'yan tsirarun Kiristoci, bencina duk wayam. Ba wanda ya kafa wannan doka. Mu Kiristoci muka gina ɗakin, shi ke nan. Shi kaɗai nake gani ya rage mana, kuma na san ranar da na bari suka shigo, hedimasta zai duba ya ce ɗaki na masu yawa ne. Da wannan tsoro nake kwana.

A zangon nan Fada, limamin cocinmu, ya ce mu koyar da abin da Ikilisiya ta faɗa game da adalci: kowane mutum cikin kamannin Allah aka yi shi, arzikin duniya na kowa ne, mai rauni shi ake fara dubawa. Na haddace tsaf. Nakan faɗa da ƙarfi, ina kai da komowa, idona na kan taga.

Rannan hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko muna tsakiyar darasi. Yaran waje suka cure a jikin bishiya. Malam ya zo bakin taga, ya lulluɓe kai da hannun rigarsa.

"Ɗan mishan, me kake koya musu haka har da jijiyar wuya?"

"Allah gafarta Malam, taimakon juna ne."

"Madalla! Ɗaga murya kaɗan, ruwan nan ya hana mu ji."

Yarana suka kwashe da dariya. Ban buɗe ƙofa nan take ba. Sai da na ƙarasa rubutun da nake yi a allo, har na ja masa layi, wai ko ruwan zai tsagaita. Bai tsagaita ba. Na buɗe.

Suka shigo jiƙe sharkaf. Malam ya sa aka juya bencin baya, nasa suka fuskanci wancan bango, nawa suka fuskanci wannan. Su suna karatu, mu muna karatu, rufin kwano na ta ruri. Ana haka hedimasta ya leƙo da laimarsa, ya dubi nan ya dubi can, ya wuce.

Mako na zagayowa aka ce ni da yarana mu koma gindin mangwaro.

Na kai ƙara wurin Fada, raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, ya shiga ciki ya ɗauko mini tsohuwar laimarsa. Malam kuwa ya aiko mana da tabarmarsa, na karɓa ban je godiya ba, har na daɗe ina kauce wa gaishe shi.

A gindin bishiyar na ƙarasa darasin adalcin, awaki na ratsa mu, ina jiyo karatunsu daga ɗakin. Muryata dai ta sauka, don a fili ba a iya ihu. Ko a lokacin na san daidai aka yi. Haushin ne ya ƙi fita, har aka canza mini makaranta.